Wa ke da Ikon Sallamawa? Lacca kan Yarjejeniyoyin Ƙasa da Ƙasa da Zaɓen Raba Gardama

Ga cikakken matanin laccar da aka gabatar gaban wani taro na ƴan kasuwa da ma'aikata, kamar yadda mai laccar ya miƙo mana shi.



Mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu alhazai da hajiyoyi na kasuwa, ƴan uwana ma'aikatan gwamnati, malaman makaranta da ɗalibai, ina gode muku da kuka bar rumfunanku da wuraren aikinku kuka zo sauraren wannan bayani. Allah ya sa mu tashi da abin da zai amfane mu.

An nemi in yi magana kan wata gardama wadda ta daɗe tana raba kan ƴan siyasa da masana shari'a a ƙasashe da dama. Idan gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da wata ƙasa, ko da wata ƙungiya ta ƙasashe, shin amincewar majalisar dokoki ta wadatar, ko kuwa wajibi ne a koma ga talakawa a tambaye su ta hanyar zaɓen raba gardama? Wani zai ce wannan zance ne na lauyoyi da jakadu. Amma duk wanda ya kwana da jika 100 a aljihu ran 11 ga Janairu 1994, ya wayi gari ran 12 ya tarar darajarsu a kasuwar waje ta koma rabi, ya san cewa takardar da aka sa wa hannu a wani birni mai nisa tana iya shigowa har cikin rumfa, har cikin tukunya. A ranar faran guda na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma sefa 100. Mai shigo da kaya ta Kwatano ya ga jarinsa ya tsuke, ma'aikaci ya ga albashinsa ya daina kai shi ƙarshen wata, mai fitar da dabbobi da albasa kuma ya ɗan samu sarari. An yanke shawarar a Dakar, bisa ikon da yarjejeniyoyin kuɗi tsakanin ƙasashenmu da Faransa suka bayar. Cikin waɗanda suka yi riba da waɗanda suka yi hasara ba wanda aka tambaya.

Yadda ake ƙulla yarjejeniya

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. In ka kai sa kasuwa, dillali ne ke tsaya maka. Shi ke jin tayi, shi ke ja, shi ke cewa albarka. Amma ciniki bai faɗa ba sai mai sa ya buɗe baki ya ce ya sallama. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ma haka take tafiya. Da farko wakilan gwamnatoci su tattauna, galibi a asirce. Sa'an nan su sa hannu, wanda ke nuna an daidaita kan kalmomi. Daga ƙarshe kowace ƙasa ta koma gida ta tabbatar da yarjejeniyar bisa tsarin mulkinta, kuma a wannan mataki na uku ne alkawari ke hawa wuyan ƙasa. Gardamarmu ta yau duk a kan wannan mataki take: wane ne mai sa, wa ke da ikon sallamawa?

A tsarin da muka gada daga Faransa, shugaban ƙasa ne ke tattaunawa, shi ke tabbatarwa, sai dai akwai yarjejeniyoyin da ba zai tabbatar ba sai majalisa ta ba shi izini da doka. Tsarin mulkinmu na 2010, wanda aka dakatar a watan Yuli 2023, ya sa a cikin wannan rukuni yarjejeniyoyin tsaro da na sulhu, da waɗanda suka shafi ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, da masu canza dokokin cikin gida, da masu ɗora wa baitulmali nauyin kuɗi. Ya kuma ce yarjejeniyar da aka tabbatar tana sama da dokar da majalisa ta kafa.

Ku lura da wannan magana ta ƙarshe, domin ita ce tushen al'amarin. Doka, in ba ta yi muku ba, kuna iya canza depitoci a zaɓe mai zuwa su soke ta. Yarjejeniya kuwa ba ta sokuwa da canjin gwamnati. Dokar duniya kan yarjejeniyoyi, wadda aka rubuta a birnin Biyana cikin 1969, ta ce dole ƙasa ta cika abin da ta ɗauka, kuma ba ta da damar fakewa da dokokinta na cikin gida don ta kauce. Mu ma a wurinmu alkawari kaya ne. Ke nan majalisar da aka zaɓa don shekara 5 tana iya ɗaure ƙasa shekara 50, ta ɗaure har waɗanda ba a haifa ba. Daga nan ne masu neman a tambayi jama'a suke samun hujjarsu mafi ƙarfi.

Abin da ya faru a Turai

Inda wannan gardama ta fi zafi, aka kuma fi gwada ta a aikace, shi ne ƙasashen Turai, saboda haka can za mu duba. Ran 7 ga Fabrairu 1992 ƙasashe 12 suka sa hannu kan yarjejeniyar Maastricht, wani gari na ƙasar Holan. Ita ta kafa Tarayyar Turai, ita kuma ta tanadi cewa ƙasashen za su bar kuɗaɗensu su koma ga kuɗi guda. A mafi yawansu, har da Jamus, majalisa ce ta amince. Uku kaɗai suka tambayi jama'a: Danmak, Ailan da Faransa.

A Danmak manyan jam'iyyu suna goyon bayan yarjejeniyar, amma ran 2 ga Yuni 1992 kashi 50,7 cikin 100 na masu zaɓe suka ce a'a. Hankalin Turai gaba ɗaya ya tashi, domin yarjejeniyar ba za ta fara aiki ba sai duka 12 sun tabbatar. A watan Disamba na wannan shekara shugabannin suka haɗu a Edinbara suka ɗauke wa Danmak abubuwa 4, ciki har da shiga kuɗin bai ɗaya da shiga harkar tsaro ta tarayya. Da aka sake tambaya ran 18 ga Mayu 1993, kashi 56,7 suka ce i. Ƙaramar ƙasa ce, amma ƙin da talakawanta suka yi ya samo mata rangwamen da jakadunta ba su samo ba a teburin tattaunawa. Cikin shekara ta 2000 aka tambaye su kan kuɗin yuro suka ƙi, cikin 2022 kuma, bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, su da kansu suka zaɓi shiga harkar tsaron da suka ƙi a da.

A Faransa ba abin da ya tilasta wa shugaba Mitterrand kiran zaɓe, shi ya ga dama. Ya zauna a talabijin ya yi muhawara da Philippe Séguin, jagoran masu cewa a'a, jama'a suna kallo. Ran 20 ga Satumba 1992 masu cewa i suka yi rinjaye da kashi 51 kawai. Wannan ɗan rinjaye ya shafe mu, domin shi ya buɗe hanyar ɓacewar faran na Faransa, wanda sefa ke ɗaure da shi. Ran 1 ga Janairu 1999 aka kwance sefa daga faran aka ɗaure shi da yuro, kusan sefa 656 kan yuro guda. An tambayi manomin inabi na kudancin Faransa. Mai albasa na Galmi, wanda kuɗin aljihunsa ke rataye da wannan shawara, sai a rediyo ya ji.

Shekara 13 bayan haka aka zo da wata yarjejeniya mai sunan tsarin mulkin Turai. Shugaba Chirac ya kira zaɓe, ran 29 ga Mayu 2005 kashi 54,7 na Faransawa suka ce a'a. Bayan kwana 3 mutanen Holan suka ƙi da kashi 61,5. Yarjejeniyar ta mutu. Amma cikin Disamba 2007 aka sa hannu kan wata sabuwa a Lisbon, wadda ta kwashe mafi yawan abin da ke cikin ta farko, kuma a wannan karo shugaba Sarkozy ya bi ta majalisa cikin Fabrairu 2008. A yi masa adalci, ya faɗa tun lokacin yaƙin neman zaɓe cewa haka zai yi. Duk da haka Faransawa da yawa sun ɗauka an yi musu sakiyar da ba ruwa, kuma jam'iyyun da ke adawa da Tarayyar Turai sun daɗe suna cin ribar wannan ɓacin rai.

Ƙasa guda ce ta tambayi jama'arta kan yarjejeniyar Lisbon, wato Ailan, kuma dalilin ya cancanci a ji shi. Cikin 1987 wani masanin tattalin arziki mai suna Raymond Crotty ya kai gwamnatinsa kotu, kotun ƙoli ta yanke cewa gwamnati ba ta da ikon miƙa wani sashe na ikon ƙasa ga waje sai da yardar jama'a, domin ikon amana ne a hannunta. Tun daga nan manyan yarjejeniyoyin Turai suke bi ta akwatin zaɓe a wannan ƙasa. Ran 12 ga Yuni 2008 kashi 53,4 suka ƙi Lisbon. Aka ba su tabbaci kan haraji, da kan matsayinsu na ƴan ba-ruwanmu a harkar soja, da kan kujerarsu a hukumar zartarwa ta Turai, sa'an nan ran 2 ga Oktoba 2009 kashi 67,1 suka amince. Wasu suka ce wannan ita ce demokaraɗiyya, an saurari koke an gyara. Wasu suka ce dabara ce ta a yi ta tambaya har sai an samu amsar da ake so.

Hujjojin masu ƙin zaɓen

Jama'a, ba zan ɓoye muku ba, masu cewa a bar wa majalisa wannan aiki suna da hujjoji masu nauyi.

Ta farko, yarjejeniya takarda ce mai tsawo, cike da kalmomin shari'a. Cikin 2005 gwamnatin Faransa ta aika wa kowane mai zaɓe da matanin yarjejeniyar har gida, sashe fiye da 400. Mutum nawa suka karanta? Ta biyu, mai zaɓe sau da yawa yakan amsa wata tambaya dabam da wadda aka yi masa. In yana fushi da gwamnati kan tsadar rayuwa ko rashin aiki, sai ya huce kan yarjejeniyar da ba ruwanta. Ta uku, yarjejeniya sulhu ce, kowa ya ba da wani abu ya karɓi wani abu. Majalisa tana iya tattaunawa sashe sashe, akwatin zaɓe kuwa i ko a'a kawai ya sani. Ta huɗu, ƙasa takan sa hannu kan yarjejeniyoyi masu yawa a kowace shekara, na bashi, na jiragen sama, na haraji, na lafiyar dabbobi. In kowace sai an yi zaɓe, baitulmali zai ƙare a buga takardun ƙuri'a.

Akwai kuma darasin Ingila. Ran 23 ga Yuni 2016 kashi 51,9 suka zaɓi fita daga Tarayyar Turai, alhali ba wanda ya san sharuɗɗan fitar, domin ba a riga an tattauna su ba. Cinikin biri a sama ke nan. Faraminista biyu suka sauka a kan wannan batu, majalisa ta yi ta cije wa, fitar ba ta tabbata ba sai ran 31 ga Janairu 2020.

Na yarda da hujja ta huɗu baki ɗaya, na kuma yarda da darasin Ingila. Amma hujjar cewa talaka bai fahimta ba, ina tsoronta. Da ita aka hana kakanninmu ƙuri'a a zamanin mulkin mallaka. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, depite nawa ke karanta yarjejeniyar bashi kafin ya ɗaga hannu? Wanda aka yarda ya zaɓi shugaban ƙasa, aikin da ya ƙunshi tsaro da kuɗi da shari'a gaba ɗaya, ba a ce ya kasa amsa tambaya guda in an yi masa bayani da harshensa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗan kasuwar da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, ko ta Kwanni zuwa Illela, ya fi jakadu da yawa sanin abin da yarjejeniyar zirga-zirga take nufi.

Hanyar Suwizalan

Akwai ƙasar da ta raba wannan gardama da doka, ita ce Suwizalan. Ta kasa yarjejeniyoyi gida 3. In ƙasar za ta shiga ƙawancen tsaro, ko ƙungiyar da ke da iko sama da na ƙasa, zaɓe wajibi ne, kuma sai an samu rinjayen jama'a tare da rinjayen jihohi. In yarjejeniya ce marar wa'adi wadda ba a iya fita daga cikinta, ko ta shiga wata ƙungiyar duniya, ko mai ɗauke da manyan dokoki, majalisa ce ke amincewa, amma in mutum 50.000 suka sa hannu cikin kwana 100 suna neman zaɓe, dole a yi. Sauran yarjejeniyoyi kuwa aikin majalisa da gwamnati ne.

Jama'ar wannan ƙasa sun yi aiki da ikonsu. Ran 6 ga Disamba 1992 suka ƙi shiga kasuwar bai ɗaya ta Turai da kashi 50,3, alhali gwamnati da manyan attajirai suna so. Cikin 1986 suka ƙi shiga Majalisar Ɗinkin Duniya, cikin 2002 suka amince. Abin da ya fi jan hankalina shi ne na watan Yuni 2012. Wasu suka kawo shawarar a faɗaɗa zaɓen dole ya haɗa da yarjejeniyoyi masu yawa, sai kimanin kashi 75 na masu zaɓe suka ƙi. Mutanen da suka fi kowa sabawa da akwatin zaɓe su ne suka ce ba kowace takarda ce ta cancanci a taso su ba.

Namu tarihin

Mu ƴan Nijar ba baƙi ba ne ga zaɓen raba gardama, kuma tarihinmu ya nuna fuskarsa biyu. Ran 28 ga Satumba 1958 Janar Dogol ya tambayi ƙasashen da Faransa ke mulka ko za su zauna cikin tarayya da ita ko za su karɓi ƴanci nan take. A takarda zaɓen tsarin mulki ne, amma a zahiri dangantakarmu da wata ƙasa ake yankewa. Jibo Bakari, wanda ke shugabancin gwamnati a lokacin, da jam'iyyarsa ta Sawaba suka yi kiran a ce a'a. Faransa ta turo sabon gwamna, Colombani, gab da zaɓen, hukumar mulkin mallaka ta sa nauyinta duka a ɓangaren i, sarakuna da yawa suka juya. Aka bayyana cewa kimanin kashi 78 sun ce i, kuma waɗanda suka fito ba su kai kashi 40 na masu rajista ba. Gini ta Seku Ture kaɗai ta ce a'a. Gwamnatin Jibo Bakari ta faɗi kafin ƙarshen shekara, cikin 1959 aka haramta Sawaba. An tambayi jama'a, gaskiya ne, amma mai tambayar shi ne mai riƙe da akwati, shi ne mai ƙirga.

Bayan ƴancin kai na 3 ga Agusta 1960, ran 24 ga Afrilu 1961 Nijar da Kodebuwa da Dahome suka sa hannu kan yarjejeniyar tsaro da Faransa, wadda ke da rataye kan ma'adinai masu muhimmanci ga soja, har da yuraniyom. Ƙasa tana ƙarƙashin jam'iyya guda a lokacin, ba a yi wata muhawara ta jama'a ba, amma sakamakon wannan takarda ya bi mu shekaru masu yawa.

Sai kuma 2009. Shugaba Tanja Mamadu ya so ƙarin shekara 3. Ya rushe majalisa cikin Mayu, kotun tsarin mulki ta ce zaɓen da yake shirin kira ya saɓa wa doka, ya rushe kotun cikin Yuni, aka yi zaɓen ran 4 ga Agusta, aka ce fiye da kashi 92 sun amince. Ran 18 ga Fabrairu 2010 soja suka kifar da shi. Wannan ba zaɓen yarjejeniya ba ne, amma ya koya mana cewa zaɓen raba gardama, in shugaba ne ke kiransa ranar da ya ga dama da kalmomin da ya ga dama, yana iya zama sandar dukan majalisa da kotu.

Mu zo kusa. Ran 22 ga Afrilu 2022 majalisar dokoki ta amince da girke ƙarin sojojin ƙasashen waje da ƙuri'a 131, 31 suka ƙi. Cikin Agusta 2023 sabbin hukumomi suka soke yarjejeniyoyin soja da Faransa, cikin Maris 2024 suka soke ta Amurka. Ran 28 ga Janairu 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da fitarsu daga CEDEAO, ƙungiyar da muke cikin waɗanda suka kafa ta a Legas cikin 1975, fitar ta tabbata ran 29 ga Janairu 2025. Ran 6 ga Yuli 2024 kuma aka sa hannu a nan Yamai kan yarjejeniyar haɗakar ƙasashen Sahel guda 3. A cikin zauren nan na san akwai masu murna da waɗannan matakai, akwai masu damuwa, musamman waɗanda suka ɗanɗana rufe iyaka cikin 2023. Ban zo in raba wannan gardama ba. Abin da nake nunawa shi ne, shigowar sojojin waje da fitarsu, shigarmu ƙungiya da fitarmu, ba ɗaya da aka kai gaban akwatin zaɓe. Cikar filin taro da jama'a alama ce, amma ba ƙidaya ba ce, domin wanda bai zo ba ba a san ra'ayinsa ba.

Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar ran 26 ga Maris 2025 ya kawo wani sabon abu: ya tanadi cewa kafa sansanin sojan wata ƙasa a Nijar sai da zaɓen raba gardama, sai dai in akwai larurar gaggawa, shugaban ƙasa na iya ba da izini. Wannan amincewa ce cewa akwai alkawarin da ya fi ƙarfin gwamnati ita kaɗai, kuma ya dace a yaba. Amma tambayoyi biyu sun rage. Wa zai tantance cewa gaggawar gaskiya ce? Kuma in sansanin soja ya cancanci a tambayi jama'a, me zai hana kuɗin da suke ciniki da shi, da ƙungiyar da ke buɗe musu iyaka ko ta rufe?

Abin da nake ba da shawara

Ra'ayina shi ne duk ranar da za a rubuta tsarin mulki na dindindin, a bi sawun Suwizalan gwargwadon halinmu. A lissafa yarjejeniyoyi iri 4 waɗanda ba za su tabbata ba sai da yardar jama'a: wadda za ta canza kuɗin ƙasa ko abin da yake ɗaure da shi, wadda za ta girke sojojin waje na dogon lokaci, wadda za ta shigar da mu ko ta fitar da mu daga ƙungiyar da ake miƙa wa wani sashe na ikon ƙasa, da wadda za ta taɓa iyakokin ƙasa. Irin waɗannan ba su fi a ƙirga da yatsu ba cikin shekara 20, saboda haka hujjar tsada ta faɗi. Sauran, na bashi da na ciniki da na ma'adinai, a bar wa majalisa, da sharaɗin a buga cikakken mataninsu kafin a kaɗa ƙuri'a, a kuma yi muhawarar a bainar jama'a.

Amma lissafi kaɗai bai isa ba. Abin da muka gani a 1958 da 2009, da abin da muka gani a Ingila da Faransa, yana buƙatar sharuɗɗa.

Na ɗaya, doka ce za ta wajabta zaɓen, ba son ran shugaba ba, don kada ya kira shi ranar da yake da farin jini ya ƙi kira ranar da ba shi da shi. Na biyu, a yi zaɓen bayan an gama tattaunawa, kafin a tabbatar, matani yana hannu, kowa ya san abin da yake saye. In fita ce, a faɗi sharuɗɗan fitar da abin da zai maye gurbi. Na uku, tambaya guda kan abu guda, kotu mai zaman kanta ta duba kalmominta, kada a cusa wa'adin mulkin wani a cikin tambayar yarjejeniya. Na huɗu, a fassara matanin da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak, Barbarci da sauran harsunanmu, a karanta shi a gidajen rediyo aƙalla wata 3 kafin ranar zaɓe. Na biyar, masu i da masu a'a su samu lokaci daidai a rediyo da talabijin na gwamnati, kada a kira mai cewa a'a maƙiyin ƙasa, kada a kira mai cewa i ɗan koren baƙi, gwamnoni da sarakuna kuma su tsaya tsakiya. Na shida, hukumar zaɓe mai zaman kanta ta ƙirga, wakilan ɓangarorin biyu suna tsaye. Na bakwai, amsar jama'a ta ɗaure gwamnati. Ba za a sake tambaya ba sai in an canza wani abu na ainihi a cikin yarjejeniyar, kamar yadda aka yi wa Danmak, kuma ba za a shigo da abin da aka ƙi ta bayan gida da sabon suna ba.

In waɗannan sharuɗɗa ba su samu ba, gara muhawara ta gaskiya a majalisar da aka zaɓa da zaɓen da aka san sakamakonsa tun kafin a buɗe rumfuna. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Iyayena da ƴan uwana, ku ne ke biyan kuɗin fito a duwan, ku ne ke karɓar albashi da sefa, ƴaƴanku ne ke cikin soja. Ina roƙon ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na ƙwadago su sa wannan batu cikin buƙatunsu tun yanzu, su rubuta shi, su miƙa shi ga duk wanda zai riƙe alƙalamin tsarin mulki, domin tun ran gini tun ran zane. Gwamnati kowace iri ce, ta farar hula ko ta soja, dillali ce a wannan ciniki, kuma dillali nagari ba ya jin haushi don mai sa ya ce a dakata sai ya ji farashi.

Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure ku gyara mini a lokacin tambayoyi. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka.